Karatu Ba Tare da Ganin Maki Ba: Rayuwar Ɗalibai a Kwalejin Reed ta Amurka



Akwai wata tambaya wadda ta cancanci duk wanda ya taɓa riƙe alli, ko ya zauna a kan bencin aji, ya yi wa kansa ita ko da sau ɗaya ne. In da za a wayi gari a ce an daina nuna wa ɗalibi makin da ya ci, a kuma janye mai tsaron jarrabawa daga ɗaki, shin karatu zai tsaya ne ko zai ci gaba? Galibin mutane za su ce ai ran nan kasuwa ta watse. To, akwai wata 'yar ƙaramar kwaleji a ƙasar Amurka wadda ta fi shekara ɗari tana gwada wannan abu a kan 'ya'yan mutane. Sunanta Kwalejin Reed, tana cikin birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin ƙasar. Ita wannan lacca za ta duba, musamman yadda ɗalibi ke kwana ya tashi a cikinta, da abin da yake samu, da kuma abin da yake biya kafin ya samu.

Kafin a shiga harabar, ya kamata a san irin makarantar. Amurkawa suna da manyan jami'o'i masu ɗalibai dubu talatin ko arba'in, suna kuma da waɗansu ƙananan kwalejoji masu zaman kansu waɗanda kusan digirin farko kaɗai suke bayarwa, ba sa horar da likita ko lauya, aikinsu shi ne faɗaɗa tunanin yaro a fannoni da yawa kafin ya tsaya a kan guda. Asalin wannan manufa tsoho ne. Rumawa sun kira ta ilmin da ya dace da ɗa, watau wanda ba bawa ba, mutumin da za a nemi ra'ayinsa a sha'anin gari. Malaman Turai na zamanin tsakiya suka ƙididdige fannoninta bakwai: nahawu da balaga da manɗiƙi, sa'an nan lissafi da handasa da kiɗa da ilmin taurari. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji waɗannan sunaye baƙi ba, domin manɗiƙin da ake karantawa a gaban malamai a Kano ko Sakkwato da wanda Turawa suka gada duka daga Aristotal suka gangaro, ɗaya ya biyo ta Larabci, ɗaya ta Latin. A yau an ƙara kimiyya da tarihi da harsuna da ilmin zaman jama'a, amma manufar tana nan.

Dukiyar da aka gina Reed da ita ta fito ne daga jiragen ruwa. Simeon Reed attajiri ne wanda ya yi arziki da sufurin jirage masu tururi a kogin Columbia, ya rasu a 1895 bai bar ɗa ba. Matarsa Amanda ta rasu a 1904, ta yi wasiyya a kafa makaranta a Portland da abin da suka bari. Aka kafa ta a 1908, aka fara karatu a 1911. Shugabanta na farko, William Trufant Foster, saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, kuma ya zo da fushi a kan kwalejojin zamaninsa, waɗanda a ganinsa sun zama wurin shaƙatawar 'ya'yan masu kuɗi, inda ɗan ƙwallo ya fi mai karatu daraja. Saboda haka ya hana gasar wasanni irin wadda ake tara 'yan kallo dominta, ya kuma hana ƙungiyoyin nan na 'yan gata masu sunayen haruffan Girka, waɗanda sai an zaɓi mutum yake shigarsu. Har yanzu babu su a Reed. Ɗalibanta kimanin 1,500 ne, a fili mai eka 116, malami ɗaya ga ɗalibai kamar goma. Wani kwazazzabo mai ruwa da itatuwa ya raba harabar biyu, ana ƙetare shi ta gada.

Duk wanda ya shiga, ko kimiyyar sinadarai ya zo nema ko adabi, shekararsa ta farko ba ta wuce wani darasi guda da suke kira Hum 110, wanda aka kafa tun 1943. Shekaru da yawa al'adar ita ce tsofaffin ɗalibai su aika wa sabon shiga da littafin Homer tun yana gida, don ya iso ya riga ya karanta. Da safe duk 'yan aji ɗaya sukan taru a babban ɗaki su saurari lacca, malamai daga sassa dabam-dabam suna karɓa-karɓa, yau masanin tarihi, gobe masanin falsafa, jibi mai nazarin zane da gine-gine. Amma laccar share fage ce kawai. Ainihin karatun yana cikin zaman da ke biyo baya, inda ɗalibai kamar goma sha biyar za su kewaye tebur guda tare da malami ɗaya, kowa da littafinsa a buɗe. Malamin ba ya maimaita lacca, ba ya kuma ba da abin kwafa. Yakan jefa tambaya ya yi shiru. In ɗalibai sun yi karatu, magana ta kama, wannan ya kawo hujja daga shafi kaza, wancan ya rushe ta da wani shafin. In ba su yi ba, shirun ya yi ta tsawo, kowa ya sunkuyar da kai, ba kuwa wanda zai cece su.

A nan ne ƙanƙantar makaranta take nuna amfaninta da kuma zafinta. A ɗakin lacca mai mutum ɗari biyar, malalaci yana da wurin ɓuya, ya zauna can baya, ya ari littafin abokinsa ana saura kwana uku jarrabawa. A teburin mutum goma sha biyar babu baya. Wanda bai karanta Aflatun jiya da dare ba, kafin a yi minti goma kowa ya gane, kuma waɗanda suka gane ɗin su ne zai tarar a ɗakin cin abinci da rana, su ne maƙwabtansa a ɗakin kwana. Kunyar tsara ta fi bulalar malami ciwo. Da wannan kunya Reed take tafiyar da mafi yawan aikin da waɗansu makarantu ke yi da maki.

Sai maganar makin kansa, wadda aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana yawan cewa Reed ba ta ba da maki. Tana bayarwa. Kowane malami yana rubuta A ko B ko C, ya miƙa wa ofishin rajistara, a adana. Abin da ba a yi shi ne a rubuta wannan harafi a kan takardar da aka mayar wa ɗalibi. Abin da yake gani sharhi ne, wani lokaci mai tsawon gaske: ga inda hujjarka ta yi rauni, ga inda ka faɗi abin da littafin bai faɗa ba, zo ofis mu zauna. Muddin aikinsa bai faɗo ƙasa da C ba, ba wanda zai aiko masa da sakamako. In ya matsu yana iya zuwa wurin malamin da ke ba shi shawara ya tambaya, a gaya masa, sai dai al'adar wurin ba ta ƙarfafa haka, kuma tambayar abokin karatu nawa ya ci abin kunya ne. Akwai waɗanda sukan gama shekara huɗu ba su duba ba sai ranar da suka buƙaci takardar sakamako don neman gurbin karatu na gaba.

Hikimar da ke ciki a fili take. Duk malami ya san abin da ke faruwa in ya mayar da takarda mai lamba a sama da sharhi a ƙasa: ido yakan faɗa kan lambar, a ninke takardar a sa a aljihu, sharhin da ya ɓata dare yana rubutawa ya tafi a banza. In aka cire lambar, ba abin da ya rage a karanta sai sharhin. Bugu da ƙari, wanda ba ya lissafin maki ya fi ƙarfin halin ɗaukar darasi mai wuya wanda ba fanninsa ba ne. Amma fa kada a ɗauka sauƙi ne aka yi wa yara. Malaman Reed sun yi suna wajen rowar A, a zamanin da maki ya yi ta kumbura a sauran jami'o'in Amurka, har ya zama kwalejin takan haɗa takardar sakamako da wani ɗan bayani a kan yadda take auna ɗalibai, don kada mai ɗaukar aiki ya ga B ya zaci ragwanci ne.

Abu na biyu da aka janye shi ne mai tsaro. Tun shekarun farko zaman wurin ya dogara a kan abin da za a iya kira Ƙa'idar Mutunci. Abin mamaki, ba a rubuta ta dalla-dalla an ce kada a yi kaza da kaza ba. An bar ta a matsayin nauyi a wuyan kowa, cewa kada ya yi ƙarya ko ha'inci a karatu, kada kuma ya jawo wa wani cuta ko wulaƙanci ba gaira ba dalili. Saboda ita ne malami kan raba takardun jarrabawa ya fita abinsa, ko ma ya ba ɗalibi tambayoyi ya tafi da su ɗakinsa, ya ce masa awa uku gare ka, kada ka buɗe littafi. In an zargi wani da karya amana, akwai kwamitin shari'a na ɗalibai da ke sauraron ƙarar ya ba hukuma shawara. Ma'aikacin gwamnati da ya saba da cewa abin da ba a rubuta a doka ba ba a kama mutum da shi zai ga wannan tsari da rauni, kuma yana da hujja, domin ƙa'idar da ba ta da iyaka a rubuce kowa yana iya ja mata iyaka inda ya ga dama. Su kuwa mutanen Reed amsarsu ita ce, doka mai lamba tana koya wa yaro neman ƙofar da aka manta ba a kulle ba, alhali ƙa'ida marar lamba tana tilasta masa ya tambayi kansa kullum. Gardamar ba ta ƙare ba ko a cikin kwalejin, kusan kowane zubin ɗalibai sai ya sake ta.

Yanayin garin ma yana taimakon karatu ta wata fuska. Daga kaka har bazara sararin Portland a lulluɓe yake, yayyafi ba ya ɗaukewa, rana takan faɗi da wuri. Saboda haka laburare ne zuciyar makarantar, nan ake wuni, nan ake raba dare. Da yake ba ƙungiyar ƙwallon da za a yi alfahari da ita, ɗalibai sun ƙago wa kansu al'adu na ban dariya. Akwai wani gunkin mujiya na kankare mai nauyin gaske wanda rukuni-rukuni suke sacewa daga hannun juna tun shekaru aru-aru, in an fito da shi fili a yi ta kokawa a kansa. Akwai kuma 'yan suɗi, watau ɗaliban da ke tsayawa a wani gefe na ɗakin cin abinci suna karɓar ragowar farantan waɗanda suka ƙoshi, ba tare da kowa ya ɗauki abin a matsayin bara ko abin gori ba. A watan Janairu, kafin a koma zango na biyu, akan ware kwanaki da suke kira Paideia, kalmar Girkanci mai nufin tarbiyya, inda kowa, ɗalibi ko malami ko tsohon ɗalibi, yana iya buɗe aji ya koyar da abin da ya iya, daga abu mai zurfi har na wasa, ba jarrabawa ba sakamako.

Amanar da ake ba ɗalibai ba ta tsaya a takardar jarrabawa ba. Tun 1968 kwalejin tana da tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 250, kuma ita kaɗai ce a Amurka wadda galibin masu sarrafa ta 'yan digirin farko ne. Ba wutar lantarki take bayarwa ba, ana amfani da ita ne wajen gano sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa ko wani samfur, irin aikin da tukunyar Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya take yi tun 2004, ita kuwa ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne. Ɗalibin da ke son ya zauna a gaban na'urar sai ya yi horo ya ci jarrabawar hukumar tarayya mai kula da nukiliya, a ba shi lasisi, kuma ba a ce sai ɗan kimiyya ba. Ɗalibin tarihi ko na adabi ma yana iya nema.

To, me wannan tsari ya haifar? Abin da aka fi ambata shi ne, in aka auna da yawan ɗalibai, Reed tana cikin sahun gaba a Amurka wajen yaye waɗanda daga baya suke samun digirin dakta, tana gogayya da makarantun da suka fi ta suna da dukiya nesa ba kusa ba. Howard Vollum, wanda ya gama a 1936, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Tektronix mai ƙera na'urorin awon lantarki. Gary Snyder, wanda ya gama a 1951, ya zama mashahurin mawaƙi, ya sami kyautar Pulitzer a 1975. Amma wanda duniya ta fi sani a cikin waɗanda suka bi ta wurin bai gama ba. Steve Jobs ya shiga a 1972, ya janye bayan wata shida saboda kuɗin makarantar yana cinye ajiyar iyayensa, sa'an nan ya ci gaba da zama a harabar kamar shekara ɗaya da rabi, yana kwana a ƙasa a ɗakunan abokai, yana shiga ajin da ya ga dama. Ɗaya daga cikinsu shi ne ajin zayyanar rubutu da alƙalami na Robert Palladino, wanda ya gaji Lloyd Reynolds. Shi da bakinsa ya faɗa a 2005 cewa daga wannan aji ne kyawun haruffan kwamfutar Macintosh ta 1984 ya samo asali. Ana son ba da wannan labari don a nuna cewa ilmin da ake gani ba shi da amfani yau yakan yi rana gobe, kuma haka ne. Sai dai labarin yana da wata fuska da ba a cika tsayawa a kanta ba, watau yaro mai basira ya bar karatu saboda tsada.

Nan aka zo ga abin da ake biya. Na farko kuɗi ne tsagwaronsa. A 2023 kuɗin karatu kaɗai, ban da ɗaki da abinci, ya haura dala 60,000 a shekara. Gaskiya ne ana tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da yawa, amma tallafin yana da iyaka, domin asusun Reed bai kai na takwarorinta na gabashin ƙasar ba. A 2009, bayan durƙushewar kasuwannin kuɗi, jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kwalejin ta cire sunayen mabukata fiye da 100 daga jerin waɗanda ta yi niyyar ɗauka, ta maye gurbinsu da masu iya biya. Teburin mutum goma sha biyar da malamin da ke da sukunin rubuta dogon sharhi a kan kowace takarda, duka kuɗi ne ke sayensu. Duk mai tsara ilmi da ya yi sha'awar wannan hanya, ya fara da lissafin albashin malamai kafin ya kai ga cire maki, domin in aka ɓoye lamba ba a kawo sharhi a madadinta ba, an bar ɗalibi cikin duhu ne kawai.

Na biyu ya fi wuyar aunawa. Ɓoye maki bai kashe gasa ba, ƙaura ya sa ta yi. Da yake ba mai iya cewa na fi ka maki, sai aka koma cewa na fi ka shan wuya: wane shafi ɗari uku aka ba shi a mako, wance kwana biyu ba ta runtsa ba. Ɗaliban da kansu sun san wannan ciwo, suna yawan tattauna shi a jaridarsu. Har ila yau, yaron da ya saba zama na ɗaya a sakandare, wanda lamba ce take gaya masa matsayinsa tun yana ƙarami, in ya zo inda ba lamba kuma kowa haziƙi ne, yakan shiga zullumi, ya riƙa zaton shi kaɗai ne bai cancanci wurin ba. Shekaru da dama yawan waɗanda ke barin Reed ba su gama ba ya fi na kwalejojin da ke ajinta, abin da ya sa hukuma ta ƙara ɗakunan kwana da ma'aikatan kula da lafiyar jiki da ta zuciya. 'Yancin da aka ba yara ma ya taɓa zuwa da baƙin ciki. Kwalejin ta daɗe da sunan sassauci a kan kayan maye, kuma a 2008 da 2010 ɗalibai biyu suka mutu sakamakon shan hodar heroin fiye da kima, har masu gabatar da ƙara na tarayya da na gunduma suka kira shugaban kwalejin suka ja masa kunne. Ƙa'idar Mutunci tana aiki sosai a ɗakin jarrabawa, amma ba ta isa magani ga yaron da jaraba ta kama ba.

Wani abin da ya dace a yaba wa kwalejin a kai shi ne, abin da ta nema daga ɗalibanta ta yi shi a kanta. Mujallar U.S. News tana jera kwalejojin Amurka kowace shekara daga na ɗaya zuwa ƙasa, iyaye kuma suna bin jerin kamar hukuncin alƙali. A 1995, a zamanin shugabancin Steven Koblik, Reed ta ƙi aika wa mujallar da bayananta, tana cewa ba a auna ilmi da irin wannan ma'auni. Mujallar ta jefa ta can ƙasa. A 2019 waɗansu ɗaliban ƙididdiga na kwalejin suka kwance lissafin mujallar suka sake ɗaura shi, suka nuna cewa da an yi amfani da alƙaluman gaskiya da Reed tana wajen matsayi na 38, alhali an ajiye ta a na 90. Makarantar da ta ce wa yaro kada ya damu da lamba ta yarda ita ma ta yi hasarar lamba, ko da yake ba za a rasa masu neman shiga da wannan ya kora ba.

Darasin Hum 110 kansa bai tsira daga gardama ba. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da wariyar launin fata ta fara zaman dirshan a cikin ɗakin laccar, suna tsayawa kusa da malami riƙe da kwalaye, suna cewa darasin da aka wajabta wa kowa ya mayar da Girka da Rum cibiyar duniya, ya bar sauran al'ummai a gefe. Ƙorafin yana da tushe a tarihin wurin, domin tsarin mulkin jihar Oregon na 1857 ya haramta wa baƙar fata zama a jihar, kuma har yanzu Portland tana cikin manyan biranen Amurka da farar fata suka fi rinjaye. Malamai suka amsa da cewa a jerin littattafan akwai na Masar da Mesofotamiya da na Bani Isra'ila, kuma karanta Aflatun ba mubaya'a ba ce gare shi. Abin ya ci shekara guda yana tafiya, ya yi tsami a farkon zangon 2017 sa'ad da aka fasa laccar farko saboda hayaniya, har sababbin ɗalibai, cikinsu da baƙar fata, suka tashi suka ce a bar su su ji karatun da suka zo nema. A 2018 malamai suka amince da sabon tsari: a fara da tsohuwar duniyar Bahar Rum kamar da, sa'an nan a koma birnin Meksiko tun daga zamanin Aztek, a rufe da unguwar Harlem ta New York da marubutanta baƙar fata. Waɗansu sun ce an ba da kai bori ya hau, waɗansu sun ce gyaran ya makara. Abin lura shi ne ba a soke darasin ba, ba a kuma mayar da shi na ganin dama ba, kuma rigimar da ta fi kowace zafi a wannan makaranta a kan wane littafi za a karanta aka yi ta.

Ɗalibin da ya jure duk wannan, a shekara ta uku sai ya fuskanci jarrabawar cancanta a fanninsa, wadda in bai ci ba ba zai shiga matakin ƙarshe ba. Matakin ƙarshen kuwa shi ne kundi. A yawancin jami'o'in Amurka rubuta kundi a digirin farko zaɓi ne na 'yan ƙalilan, amma a Reed wajibi ne a kan kowa, kuma aikin shekara guda ne cur. Akan ba ɗan ajin ƙarshe teburinsa a laburare ko gurbinsa a ɗakin gwaji, ya riƙa ganawa da malamin da ke duba shi mako-mako, su biyu kaɗai. A nan ne yaron da ya shekara uku yana sukar hujjar Aristotal a bakin tebur yake gane wuyar kafa tasa. Kundin Gary Snyder, wanda ya rubuta a kan wata tatsuniya ta ƙabilar Haida, an buga shi littafi a 1979, shekara 28 bayan ya miƙa shi.

Ranar miƙa kundi a ƙarshen zangon bazara ita ce babbar ranar shekara. 'Yan ajin ƙarshe sukan hura wuta a gaban laburare, kowa ya jefa tarin takardun gwajin da ya yi ta gogewa yana sakewa, sa'an nan a ɗunguma da kiɗa da ihu zuwa ginin Eliot inda ofishin rajistara yake. Wanda ya miƙa nasa akan ba shi wani kambin ganye na roba mai ruwan zinariya, irin wanda Girkawa ke naɗa wa gwarzo, ya yi ta yawo da shi a ka. Daga nan sai bikin kwana uku da suke kira Renn Fayre, wanda ya faro a ƙarshen shekarun 1960. Amma biki bai sallami kowa ba, domin bayansa ne ake kare kundi da baka. Ɗalibi zai zauna kimanin awa biyu a gaban malamai kamar huɗu, ɗaya daga cikinsu daga wani fanni dabam, wanda aikinsa shi ne ya yi irin tambayar da 'yan gida suka saba tsallakewa. Bisa al'ada ɗalibin ko abokansa sukan kawo wa malaman ɗan abin taɓawa. In an gama sai a ce ya fita ya jira a bakin ƙofa, su yi shawara, sa'an nan a kira shi a yi masa barka, ko a ce ya je ya gyara wuri kaza.

Bayan gyara akan ɗinke kundin da bango mai ƙarfi, a kai kwafi guda wani ɗaki mai hawa a cikin laburare wanda suke kira hasumiyar kundaye, inda aka jera na waɗanda suka gabata shekara bisa shekara, tun daga zubin farko. Ƙofar a buɗe take ga kowane ɗalibi. 'Yan aji ɗaya sukan hau su zaro na wani da ya gama shekara hamsin da suka wuce, su duba godiyar da ya rubuta a shafin farko, su auna kaurinsa da hannu, su mayar, su sauko su koma kan littafin da za a tattauna gobe da safe.